Zama namiji bai kai a rasa rai ba

Sau biyu a shekara, wajen watan Yuni da kuma Disamba, samarin ƙabilar Kosa na nan lardin Gabashin Kef a Afirka ta Kudu sukan tafi daji domin kaciya. A kafa musu bukka, su shafe jiki da farar ƙasa, su lulluɓa da bargo, su yi makonni iyayensu mata ba su sa su a ido ba. Kafin a watse rediyo ta fara ƙirga waɗanda suka rasu, wani zubin gommai. Wasu ƙishirwa ce ke kashe su, domin a kwanakin farko akan hana su ruwa wai don ciwon ya bushe da wuri. Wasu kuma ɗaurin da ake yi wa ciwon ne ke yin tsauri har wurin ya ruɓe.

Idan mu 'yan Garwa ta Kamaru da ke kasuwanci a nan muka haɗu bayan Juma'a, da yawa cewa suke wannan jahilci ne tsagwaronsa. Ni ban yarda ba. Na ga ranar da ɗan maƙwabcina ya dawo, da sabbin kaya da sanda a hannu, kansa a sunkuye, dattawan dangi na miƙewa ɗaya bayan ɗaya suna faɗa masa abin da ya hau kansa game da uwarsa, da ƙannensa, da bakinsa a gaban manya. Yaron da na sani da rashin ji ya zauna yana saurare kamar an sake shi. Mandela ma ta nan ya bi yana ɗan shekara 16. Al'adar da ke tara gari don a shaida wa yaro cewa ƙuruciya ta ƙare ba abin rainawa ba ce.

Mu ma ai muna da irin tamu. A Garwa a da, da hunturu ake tara yaran unguwa, wanzami ya zo da askarsa, a zaunar da 'yan shayi a zaure ɗaya, ana kawo musu gasasshiyar kaza da kunu, kawunnai na leƙowa suna cewa namiji ba ya kuka. Fulani na da sharo, saurayi ya tsaya riƙe da madubi ana zabga masa bulala fuskarsa ba ta canza ba. Ƙabilar Masa ta wajen Yagwa da Bongor suna da labana, tasu al'adar ta shigar da samari sahun manya.

Abin da ke ci mini rai shi ne sirrin da ake lulluɓe abin da shi. A nan Afirka ta Kudu, yaron da jikinsa ya rikice a daji yakan gwammace ya daure, domin duk wanda aka kai asibiti har ya tsufa ana yi masa gorin cewa bai cika namiji ba. Uwa ba ta da ikon tambaya. Cikin wannan duhun ne masu neman kuɗi ke buɗe sansanonin bogi, su kwashi yaran mutane ba da sanin iyaye ba. Dokar da gwamnati ta kafa a 2021 ta hana shigar da wanda bai kai 16 ba, ta wajabta rajistar sansani da takardar likita, amma doka ba ta iya hana gori.

Maƙwabtanmu na Chadi sun ga abin da ya fi wannan muni. A 1973 shugaban ƙasar, Tombalbaye, shekarar da ya sauya sunan babban birnin daga Fort-Lamy zuwa Njamena, ya ɗauki yondo, wato shiga dajin samarin ƙabilar Sara, ya mayar da shi tilas a kan ma'aikatan gwamnati 'yan kudu, har da manya masu iyali. An kashe fastocin da suka ƙi. A Afrilun 1975 sojoji suka kashe shi. Kaciyar mata kuwa ba na sa ta cikin wannan lissafi, cuta ce zalla.

Mu yanzu mun koma asibiti, yaro na jinjiri a yi masa a gama, kuma na gode Allah da haka. Sai dai da wanzami ya tafi, zaman zauren ma ya tafi tare da shi. In ban da mai rabon da ya yi saukar Alƙur'ani aka zagaya da shi gari da allonsa, yaro yakan kai ashirin ba wani dattijo da ya taɓa zaunar da shi. Waya da majalisar bakin titi ke koya masa mene ne namiji.

Shi ya sa da ɗan wana ya kai sha biyar na kira gida na ce, Yaya, ka tara kawunnansa da malaminsa a zaure, a yanka rago, a ɗinka masa babbar riga, kowa ya faɗa masa abin da ke kansa. Kuɗin ragon ni zan turo.