Tashin ɗan haya a Saudiyya: mai gidan da ya guje wa Ijar kansa ya cuta

Da zarar watan Shawwal ya raba a Makka, rigimar haya takan taso a unguwannin da Hausawa suka yi yawa, daga Shara Mansur zuwa Rusaifa, domin a lokacin ne wasu masu gidaje ke fara lissafin abin da za su samu idan suka ba mahajjata ɗakunansu. A bara na shiga wani gida gaisuwa da la'asar, na tarar da uwar gida zaune a kan matakala tana yi wa jaririnta fifita da kwali, saboda mai gidan da suke haya ya kashe musu wuta tun safe don ya tilasta musu tashi. Bashin wata uku yake bin mijinta, kuma babu mai musun cewa haƙƙinsa ne a biya shi. Sai dai hanyar da ya bi ba ta cikin hanyoyin da doka ta ba shi, kuma da na bincika sai na gane cewa shi da kansa ya toshe wa kansa halattacciyar hanyar tun ranar da ya karɓi kuɗi a hannu ba tare da rajista ba.

Tun shekarar 2018 hukumomin Saudiyya suka wajabta a rubuta yarjejeniyar hayar gidan zama a dandalin Ijar, wanda yanzu yake ƙarƙashin kulawar hukumar kula da gidaje da filaye ta ƙasa. Majalisar ministoci ta yanke cewa yarjejeniyar da ba a yi wa rajista a can ba, ba ta da tasiri a ofisoshin gwamnati ko a gaban shari'a. Masu gidaje da yawa suna kallon wannan a matsayin takura, alhali kuwa su ne suka fi cin moriyarsa, domin yarjejeniyar Ijar takarda ce da kotun zartarwa ke aiki da ita kai tsaye kamar hukuncin alƙali. Idan ɗan haya ya ƙi biya, ko wa'adinsa ya ƙare ya ƙi fita, mai gida zai shigar da buƙatarsa ta Najiz, dandalin ma'aikatar shari'a, kotu ta aika wa ɗan haya sanarwa tare da wa'adin kwana 5. Idan ya yi kunnen ƙashi, ana iya rufe asusunsa na banki, a hana shi fita ƙasar, daga ƙarshe jami'in kotu ya zo da kansa ya karɓi gidan. Wanda yake da wannan dama a hannunsa, me zai kai shi cire fis ɗin wuta ko sauya kwaɗon ƙofa, abin da zai iya mayar da shi wanda ake ƙara?

Amsar ita ce da yawa daga cikinmu ba su da damar, saboda yadda muka saba yin haya. Dillali ya haɗa mutum biyu bayan sallar isha'i, a yi musabaha, a ce Allah ya sa albarka, shi ke nan an gama. Wani kuma ya karɓi gida guda da sunansa, ya yanka shi ɗaki-ɗaki ya zuba mutane, yana kiran kansa mai gida alhali shi ma ɗan haya ne. Irin wannan ba shi da ikon tashin kowa ta hanyar kotu, kuma bayar da hayar abin da ka karɓa haya ba da izinin mai shi ba dalili ne da zai sa a soke tasa yarjejeniyar. Tun daga 15 ga Janairun 2024 ma, kuɗin hayar gidan zama ta hanyoyin biya na Ijar ake so ya bi, don haka takardar shaidar biya da aka rubuta da biro ba ta da nauyin da mutane ke zato.

Akwai uzurin da nake ji, kuma ba na raina shi: mutane da yawa a unguwanninmu ba su da igama, wato takardar izinin zama a ƙasar, kuma wanda ba shi da igama ba zai iya shiga Ijar ba. Rusau ɗin da aka fara a Jidda a ƙarshen 2021, wanda ya shafe unguwanni irin su Sabil da Karantina da Gulail, ya ƙara cunkusa irin waɗannan iyalai a gidajen da suka rage. To amma mai gidan da ya zaɓi ya sa su a gidansa ya san abin da ya shiga, ya kuma ci ribar rashin takardarsu a farashi. Ba daidai ba ne ranar da zama ya ɓaci ya mayar da rauninsu makami. Abin da ya rage masa shi ne sulhu a gaban dattawan unguwa da wa'adi mai ma'ana. Masu cikakkun takardu kuwa suna da dandalin Taradi na ma'aikatar shari'a, inda takardar sulhun da aka cimma take zama abin da kotu za ta zartar.

Dokokin da aka sanar ranar 25 ga Satumban 2025 sun ƙara sauya lissafin. A birnin Riyad an dakatar da ƙarin kuɗin haya na tsawon shekara 5, kuma mai gida ba zai ƙi sabunta wa ɗan haya ba sai da ɗaya daga cikin dalilan da aka ambata: rashin biya, ko lahani a ginin da ke barazana ga mazauna bisa rahoton ƙwararru, ko kuma yana son ya zauna a gidan da kansa ko ya sa ɗan'uwa na kusa kamar ɗa ko mahaifi. Tarar saɓa wa wannan tana iya kaiwa kuɗin hayar wata 12. Na ji wasu 'yan haya a Makka suna kafa hujja da wannan daskarewar farashi, alhali Riyad aka ambata da suna.

Abin da ya shafi kowa a faɗin ƙasar shi ne sabuntawa: yarjejeniya tana sabunta kanta idan ɗaya daga ɓangarorin bai sanar da ɗayan cewa ba ya son ci gaba ba, aƙalla kwana 60 kafin ta ƙare. A nan ne masu gidajen Makka za su fi yin tuntuɓe, domin sun saba sai lokaci ya matso su ƙwanƙwasa ƙofa su ce, "Malam, ina son gidana." Wanda yake son ɗakunansa su zama fanko a farkon Zulƙida, dole ne ranar ƙarewar ta kasance a rubuce cikin yarjejeniyar tun farko, kuma tunda Ramadan da Shawwal a haɗe da ƙyar suke cika kwana 60, sanarwarsa sai ta fita tun cikin Sha'aban.