Lokoja ta fi ƙarfin zangon cin abinci

Duk wanda ya saba bin hanyar Abuja zuwa Kudu ya san yadda direbobi ke yada zango a Lokoja: a yi alwala, a sayi soyayyen kifi a wajen matan da ke kewaye motoci da faranti a ka, sannan a ɗauki hanya. Kaɗan ne daga cikin matafiyan ke tunanin cewa 'yan mintuna kawai ke tsakaninsu da wuraren da aka ƙulla tarihin Arewacin Najeriya, kuma a ganina laifin wannan sakaci rabawa za a yi tsakanin hukumomin Jihar Kogi da mu kanmu.

A wannan gari ne, ranar 1 ga Janairun 1900, aka sauke tutar Kamfanin Neja, kamfanin Turawan Ingila da ke riƙe da yankin, aka ɗaga ta Ingila, Baturen mulkin mallaka Lugga (Lugard) ya kama aiki a matsayin shugaban yankin Arewa, kafin hedikwata ta koma Jebba, daga bisani kuma Zungeru. Wanda ya hau Dutsen Patti, inda jama'ar gari ke zuwa shan iska da motsa jiki, zai hango mahaɗar kogin Kwara da Binuwai shimfiɗe a ƙasa, da kwale-kwalen masunta kamar ƙwayar gero a kan ruwa, kuma nan take zai gane abin da ya sa Turawa suka maƙale wa wurin: wanda ya riƙe mahaɗar ya riƙe hanyar fatauci da ta yaƙi baki ɗaya.

Amma kaburbura ne suka fi tsaya mini a rai. Akwai maƙabartun Turawa, inda hafsoshin soja da 'yan mishan da ma'aikatan kamfani ke kwance, da yawansu zazzaɓi ne ya ɗauke su tun suna samari, ba harsashi ba. Akwai dandalin tunawa da sojojin da suka mutu a yaƙin duniya, inda aka girke manyan bindigogi. Sojojin rundunar da Lugga ya kafa a 1897 galibinsu Hausawa ne da Yarbawa, da Hausa ake ba su umarni, kuma magadansu ne suka je suka mutu a Kamaru da Gabashin Afirka a wani yaƙi da ba su suka tayar ba. Sannan a cikin garin akwai kaburburan sarakunan da aka tuɓe aka kai can zaman gudun hijira, cikinsu har da Sarkin Kano Alu, wanda aka kama bayan faɗuwar Kano a 1903, ya rasu a Lokoja a 1926, da Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi.

Na sha jin masu cewa ɓarnar kuɗi ne a share kabarin wanda ya zo ya ci ƙasarmu da yaƙi, a bar ciyawa ta cinye shi. Ina fahimtar zafin da ke bayan wannan magana, sai dai ban yarda da ita ba, domin kabarin hafsan Bature da na sojan da ya ɗaukar masa bindiga da na sarkin da suka kama labari ɗaya ne, kuma duk wanda ya goge kashi ɗaya ya gurgunta sauran. Abin da ke da ɗaci a ciki, wanda ba kasafai muke son faɗa ba, shi ne yawancin waɗanda suka fasa ganuwar Kano 'yan ƙasa ne, Turawan cikinsu ba su taka kara sun karya ba wajen yawa. Ɗalibin da ya tsaya a wuraren nan uku a wuni guda zai gane haka fiye da wanda ya haddace shekaru don jarrabawa.

Gyaran da ake buƙata bai kai na gina filin jirgin sama ba. A kafa alluna masu bayani da Hausa da Nufanci da Turanci, a horar da matasan gari su zama 'yan jagora da ke samun na abinci da wannan aiki, a sa alamar da za ta nuna wa direba inda zai ratse daga babban titi. Masarautun Kano da Zazzau su ma suna da haƙƙi a nan, tunda kakanninsu ne ke kwance a can, kuma babu abin da zai hana su haɗa hannu da fadar Maigarin Lokoja wajen kula da kaburburan da shirya wa makarantun sakandare ziyara a lokacin hutun ƙarshen zango.