Cocin Cross Street da Malam mai bidiyon minti biyu

Na yi niyyar in kame bakina a kan bidiyon nan da yake ta yawo a wayoyinmu tun ranar Asabar, amma da aka turo mini shi karo na huɗu, har wata baiwar Allah ta rubuta a ƙarƙashinsa cewa addinin Turawa ya ƙare, sai na ga shirun ba zai yiwu ba. Kun dai gan shi. Ɗan'uwanmu ya zo Manchesta ta Ingila ziyarar mako biyu, ya tsaya a bakin titin Cross Street jirgin ƙasa na cikin gari yana wucewa a bayansa, ya saita wayarsa a kan ƙofar cocin 'yan Yuniteriyan, ɗariƙar nan da ba ta yarda da Allah uku cikin ɗaya ba, ya nuna benen ofisoshin da ke samanta da allon sanarwar da ke cewa ana ba da hayar ɗakuna don taro, sannan ya yanke hukunci yana dariya cewa coci ta koma kasuwa. Madalla da wannan zurfin bincike. Tarihin shekara fiye da 300 ne Malam ya kammala nazarinsa a cikin minti biyu, ko ƙofar bai tura ba.

Buɗe wurin ibada ga jama'ar gari a lokacin da ba a ibada ba alamar mutuwa ba ce, kuma a wannan coci musamman ba sabon abu ba ne da talauci ya jawo. Haka aka san ta tun asali. Baƙo ko da ido makaho ne, ban ga laifinsa a kan rashin sani ba. Laifinsa shi ne ya ɗauki rashin sanin ya mayar da shi wa'azi.

Mutanen da suka kafa wannan wuri korarru ne. A 1662 majalisar dokokin Ingila ta yi dokar da ta tilasta wa kowane limamin coci bin littafin addu'a guda na cocin gwamnati, limamai wajen 2,000 suka ƙi, aka raba su da aikinsu. Henry Newcome na Manchesta yana cikinsu, kuma jama'ar da suka bi shi su ne suka gina ɗakin ibada a Cross Street a 1694. A 1715 'yan tarzoma suka farfasa ginin, aka sake ginawa. A watan Disamba na 1940 jiragen yaƙin Jamus suka ragargaza shi, aka sake ginawa a 1959. Wanda Malam ya ɗauka a wayarsa shi ne na 1997, wanda aka yi a ƙasan benen ofisoshi a kan filin nan dai na farko. Jama'ar da aka rushe wa gini sau biyu suka ƙi barin tsakiyar gari, su ne yau ake nuna mana a matsayin waɗanda suka sallama.

Akwai kuma dalilin da ya sa ƙofarsu ta saba zama a buɗe. Da tafiya ta yi tafiya jama'ar wannan coci suka karkata ga aƙidar da ta ƙi yarda da Allah uku cikin ɗaya, kuma a Ingila musanta Allah uku cikin ɗaya, wato Triniti, laifi ne a gaban doka har zuwa 1813. A wancan zamani jami'o'in Oxford da Cambridge ba sa ba wanda ba ɗan cocin gwamnati ba digiri, saboda haka duk abin da waɗannan mutane suke so na ilmi sai dai su kafa shi da hannunsu. Ƙungiyar adabi da falsafa ta Manchesta, wadda aka kafa a 1781, a ɗakin da ke jikin wannan coci ta yi zamanta na shekarun farko. Limaman cocin ne suka tsaya aka buɗe kwaleji a 1786, kwalejin da John Dalton, masanin kimiyyar nan da ya yi suna a kan bayanin ƙwayar zarra, ya zo ya koyar a cikinta a 1793 alhali shi ba ɗan ɗariƙarsu ba ne. Wannan kwaleji tana nan har yau, ta koma Oxford. John Edward Taylor, wanda ya kafa jaridar Manchester Guardian a 1821, daga cikin mutanen Cross Street ya fito. William Gaskell ya yi limancin wurin daga 1828 har rasuwarsa a 1884, shekara 56, kuma babban ɓangare na rayuwarsa ya tafi ne wajen koyar da ma'aikatan masaƙu da daddare da neman taimako ga matalautan unguwannin da hayaƙi ya rufe. To, a wace shekara ce cikin waɗannan cocin ta kasance wurin da ake kullewa daga Lahadi zuwa Lahadi, har da za a ce yanzu ta lalace?

Na san abin da za a ce, domin an riga an faɗa mini a ƙarƙashin bidiyon. An ce ai kuɗi suke nema. Ƙwarai kuwa, suna karɓar kuɗin haya, kuma da shi ake biyan wuta da ɗumama ɗaki a garin da sanyi yake cin rabin shekara. Ina abin kunyar? Mu da muka san waƙafi bai kamata wannan ya ba mu dariya ba. Masallacin Rustam Fasha da ke Istanbul a kan shaguna aka gina shi tun ƙarni na 16, don hayar shagunan ta riƙe masallacin, kuma ban taɓa jin wanda ya tsaya a ƙofarsa yana cewa Musulunci ya ƙare a Turkiyya ba. Masallatai nawa ne a garuruwanmu da aka zagaye katangarsu da shaguna don a samu kuɗin man janareto? Laifi tudu ne.

An kuma ce ai ba su da yawa. Wannan gaskiya ne, 'yan Yuniteriyan a duk Birtaniya 'yan dubbai kaɗan ne, kuma ba su taɓa zama masu rinjaye ba ko a zamanin da suke da attajirai da 'yan majalisa. Sai dai ƙarancin mutane hujja ce a kan ƙarancin mutane, ba ta da alaƙa da ko ya dace a bar ɗaki a kulle kwana shida. Wasu kuma sun ɗauko maganar aƙida, cewa 'yan Yuniteriyan na yau ba su da wata shahada guda da suke tilasta wa kowa, har akwai waɗanda ba su tabbatar da samuwar Ubangiji ba a cikinsu. Wannan ma haka yake, shi ya sa nake jan kunnen masu ɗokin cewa ai sun kusa zama Musulmi don kawai sun ƙi Triniti. Ni Musulmi ne, ban zo kare aƙidar kowa ba, kuma ba a kan aƙida Malam ya yi dariyarsa ba. A kan allon haya ya yi ta.

Bari in ajiye zolaya in faɗi abin da na gani da idona. Wata rana da tsakar rana ruwan sama ya kore ni daga titi, na ga ƙofar a buɗe na shiga. Daga hayaniyar motoci da masu sayayya sai ga ni a wani zagayayyen ɗaki mai tsit, kujeru a jere, mutum bai fi goma ba. Wani ma'aikacin ofis da katin aikinsa rataye a wuya ya zauna ya rufe ido, jakarsa a tsakanin ƙafafunsa. Wata dattijuwa ta matso ta tambaye ni ko ina son shayi, ba ta tambaye ni sunana ko addinina ba, ta nuna mini inda zan jingine lemata don kada ta jiƙa ƙasa. A ɗakin gefe kuma wasu suna shirya tebura don wani taro nasu. Ban ga inda shirin taron ya rage wa mai rufe idon nan komai ba. A tsakiyar birnin da kusan duk inda za ka zauna sai ka sayi wani abu, samun wurin da za ka zauna kyauta ba a kore ka ba abu ne mai daraja, kuma duk wanda ya yi zaman baƙunci a ƙasar nan ya san haka.

Abin da ya fi damuna shi ne mun manta namu tarihin. Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a cikinsa Ahlus Suffa suke kwana, a cikinsa ake karatu da shari'a da karɓar baƙi, a cikinsa Habashawa suka yi wasansu na mashi a ranar idi, a cikinsa aka kafa tanti don jinyar Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Handaƙ. Ba ina cewa a kawo garaya da piyano masallaci ba, kowane addini da iyakarsa, kuma tamu a bayyane take. Ina cewa tunanin da yake ɗaukar kulle ƙofa a matsayin tsarki, buɗe ta kuma a matsayin lalacewa, ba daga wurinmu ya samo asali ba. Mu nan da muke ta neman ɗakin da za mu koya wa yaranmu Hausa ranar Asabar, har muka ƙare a falon wani bawan Allah takalma sun cika matakala maƙwabta suna ƙorafi, mu ne za mu yi wa masu buɗe ɗakinsu ga jama'a dariya?

Sannan, Malam, sau biyu a cikin bidiyon ka kira su 'yan Katolika. 'Yan tarzomar da suka farfasa ginin a 1715 magoya bayan James Stuart ne, ɗan Katolikan da yake neman gadon sarautar Ingila a lokacin. Sunan cocin yana rubuce a kan allon da ka ɗauka, sama kaɗan da sanarwar hayar, kuma a daƙiƙa ta arba'in ya fito sosai kafin babban yatsanka ya rufe shi.