Ku daina damun kanel da tambaya, ku saurare shi

Har yau ana ganin manhajojin Linux da ke kiran getifaddrs(), umarnin da ke tambayar kanel (zuciyar tsarin Linux) jerin katunan sadarwa, duk bayan daƙiƙa biyar don su san ko katin sadarwa na aiki. Wannan wahalar banza ce. A glibc, babban ɗakin karatun C na Linux, kowane kira soket ɗin netlink (hanyar musayar saƙo tsakanin manhaja da kanel) yake buɗewa, ya kwaso duk katuna da adireshi, ya rufe. In kebul ya fita ya koma tsakanin kira biyu, manhajar ba za ta taɓa sani ba.

Masu tambayar kanel ta kiran ioctl sun ma fi shiga uku. SIOCGIFFLAGS, umarnin ioctl mai karanto tutocin kati, bit 16 kawai yake dawo da shi, alhali tutar IFF_LOWER_UP, mai nuna cewa akwai haɗi a kebul, tana kan 0x10000, wato can gaba da inda yake iya kaiwa. Sai mutum ya ga IFF_UP ya ɗauka komai lafiya lau. IFF_UP kuwa abin da take nufi shi ne an kunna katin da umarni, ko da babu kebul a jikinsa. Fayil ɗin operstate da ke /sys/class/net ya fi, amma shi ma yana da nasa halin: lo, katin da na'ura ke magana da kanta ta cikinsa, yakan nuna "unknown" yana kuma aiki sarai, Wi-Fi na iya tsayawa a "dormant" kafin a gama tantance shi.

Hanyar da ta dace ita ce a buɗe soket na NETLINK_ROUTE, a shiga rukunin RTMGRP_LINK mai karɓar sanarwar canjin katuna tukuna, sannan a aika RTM_GETLINK da NLM_F_DUMP don kwaso halin da ake ciki. Kada a juya wannan jeri. Wanda ya fara kwasowa kafin ya shiga rukunin, duk canjin da ya faɗo a tsakani ya wuce shi ke nan. Daga nan kanel da kansa zai riƙa turo RTM_NEWLINK, kuma sunan kada ya ruɗe ku, saƙon na zuwa ne a kan canjin hali ma, ba sai sabon kati ba. A ajiye bayanan da ifindex, lambar da kanel ke ba kowane kati, ba da suna ba, domin udev, mai kula da na'urori a Linux, na iya mayar da eth0 ya koma enp3s0 ana tsakiyar tashin na'ura.

Inda mafi yawa ke tuntuɓe shi ne ENOBUFS. Idan ma'ajiyar soket ta cika, kanel ba ya jira, zubar da saƙon yake yi, recv() ya dawo da wannan kuskure, ba kuma zai faɗa maka guda nawa suka salwanta ba. A kwamfutar gida da wuya ka gani. A sabar Kubernetes da ke ƙirƙira da goge ɗaruruwan veth (katunan sadarwa na manhaja da ke haɗa kwantenoni) kuwa ruwan dare ne, musamman da libnl, ɗakin karatun netlink, ke barin ma'ajiyar a bayit 32768 in ba a canza ba. Wasu sai su kunna NETLINK_NO_ENOBUFS, wanda ke hana wannan kuskure fitowa, su ce sun yi maganin abin. Kashe ƙararrawa suka yi, gobarar na nan. Ƙara girman ma'ajiyar da SO_RCVBUF na rage aukuwarsa, iyakarsa kuma net.core.rmem_max. Gyaran gaske shi ne da zarar an ga ENOBUFS a sake kwaso komai, a kwatanta da abin da ke hannu, a cire katunan da suka ɓace. Haka nan in amsar ta zo da NLM_F_DUMP_INTR, jerin ya canza ana cikin karanta shi, sai a watsar a sake.