Ƙarin RAM ba shi ne maganin kowane nauyin kwamfuta ba

Da zarar tsohuwar laptop ta fara jan ƙafa, shawarar da za ka fara ji ita ce a ƙara mata RAM, wato wurin da kwamfuta ke riƙe abin da take aiki da shi a lokacin. Mutane da yawa sun ɗauka ko wane irin nauyi daga nan yake. Ba haka ba ne, kuma ina jin takaicin kuɗin da ake zubarwa a kan wannan zato.

RAM kamar tabarmar shanya ce: idan ta cika, faɗaɗa ta zai taimaka, idan kuwa da sauran fili, ƙari ba zai canza komai ba. Kafin ka je wurin mai gyara, buɗe duk abin da ka saba aiki da shi, ka danna Ctrl, Shift da Esc tare, ka duba Task Manager, shafin Windows da ke nuna yawan RAM da faifan ajiya da ake amfani da su. In RAM ta kusa cika, musamman a kwamfuta mai 4GB, to kai ta 8GB zai yi amfani sosai. Amma in faifan ajiya ne ya tsaya cak a kashi 100, galibi matsalar tsohon faifai ce mai juyawa, kuma SSD, wato faifan ajiya na zamani mara juyawa, ita ce za ta farfaɗo da kwamfutar.

Sannan ba kowace kwamfuta ke karɓar ƙari ba. Wasu an liƙe musu RAM a jikin babban allon da ke cikin kwamfuta (motherboard). RAM kuma iri-iri ce: nau'in DDR4 ba ta shiga ramin nau'in DDR3, domin tsagar ƙasansu ba wuri ɗaya take ba. Windows mai tsohon tsarin 32-bit kuma ba ta iya amfani da fiye da 4GB, ko nawa ka saka.