Gidan lebura ma tarihi ne

Wai shin wane ne ya yanke hukuncin cewa gini ba ya zama kayan tarihi sai idan sarki ko Bature ya taɓa kwana a cikinsa? Ana alfahari da Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano, kuma sun cancanci hakan, amma da zarar an ambaci ƙananan gidajen ma'aikatan reluwe na Zariya da Kaduna da Kano, waɗanda suka biyo bayan isowar layin dogo Kano a 1911, sai a yatsine fuska a ce ai kango ne. Kango? A waɗannan ɗakunan masu baranda da rufin kwano ne masu zuba wa jirgi gawayi da masu gyaran dogo suka yi aure suka haifi 'ya'ya, kuma da guminsu gyaɗa da auduga suka isa Legas! Yau wannan ya toshe baranda da bulo ya buɗe shagon caji, gobe wancan ya cire tagogin katako da suka girmi kakansa ya hura wuta da su, jibi kuma katafila ta share layi guda kafin a idar da sallar walaha, a dasa filaza mai gilashi wadda ko ƙadangare ba ya iya zama a cikinta saboda zafi. Filaza nawa gari ɗaya zai ci ya ƙoshi? Ko hoto ba a ɗauka, ko sunan mai gidan ba a tambaya!