Wai ƙofa a buɗe take

Kun dai ji babban lauyan nan a rediyo daren jiya. Wai ƙofar aikin lauya a buɗe take ga kowa, 'ya'yan ƙauye lalaci ne ya hana su shiga. To sannu da ƙoƙari, Barista, Allah ya ƙara sani. A buɗe take, amma nawa ne kuɗin shiga?

Ɗan manomi daga Bebeji ko Ringim zai yi shekara 5 a jami'a yana karatun shari'a, in ba a yi yajin aiki ba ke nan. Ya gama, har yanzu bai zama lauya ba. Sai ya ƙara shekara guda a makarantar horar da lauyoyi: ga kuɗin makaranta, ga baƙar kwat da farar riga da baƙin takalmi, ga liyafar cin abinci har sau 3 da aka gado daga Landan, wadda dole ya halarta kafin a rantsar da shi, ga hular gashi da baƙar alkyabba. Na san dattijon da ya kai bijimin huɗarsa kasuwar Wudil saboda wannan shekara ɗayar, da damina ta faɗi ya koma aron shanu a maƙwabta. Shi ne malalacin, ko ɗan nasa?

Na san me za ku rubuto. Ai Aloma Mukhtar 'yar Kano ce, ta zama Alƙaliyar Alƙalan Najeriya a 2012. Ai A.B. Mahmoud ya shugabanci ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa, NBA, a 2016. Na ji, kuma muna alfahari da su. Ni maganar yaran da babu wanda ya san sunan ubansu nake yi, ku daina kawo mini manya.

Wai a buɗe take. Yaushe? Sapara Williams, lauyan Najeriya na farko, ya zama lauya a Landan tun 1879, amma Arewa ba ta samu nata na farko ba sai 1955, wato Abdulganiyu Abdulrazaq na Ilori. Shekara 76 ke nan tsakani! Makarantar lauyoyin ma sai a 1963 ta fara aiki a Legas, da ɗalibai 8 kacal. Jiya-jiyan nan, a Disambar 2017, aka hana Firdaus Amasa shiga zauren rantsuwa a Abuja saboda hijabinta, sai da aka kai ruwa rana sannan aka rantsar da ita a 2018 da hijabin nata. Duk wani taku da aka samu, wani ne ya sa kafaɗa ya tura, babu wanda aka ce wa bismillah.

Wallahi ba don ƙiyayya nake faɗa ba. Mu ne ke shan wahalar. A yi rikicin iyakar gona ko rabon gado, sai an ɗauko lauya daga birnin Kano ko Dutse, ka biya shi, ka biya masa mai, a ɗage zama, ka sake biya. Da yaranmu ne, waɗanda suka san bambancin aro da jingina ba sai an yi musu bayani ba, da ba haka ba. In da gaske ƙungiya take, ta ware asusun da zai biya wa 'ya'yan talakawa wannan shekara ɗayar. Masu halin cika manyan otal a taron shekara-shekara ba za su rasa wannan ba. Reshen makarantar fa a Bagauda yake, cikin gonakinmu, yaranmu na wucewa ta bakin get ɗin da kwandon tumatir a ka.

Af, ita kuma hular nan. A Ingila da aka aro ta, tun 2008 alƙalai suka ajiye ta a shari'o'in da ba na manyan laifuka ba. Mu kuwa, a zafin watan Afrilu, babu wuta, fanka ta tsaya, sai ka ga mutum gumi na zuba ta ƙeya yana jawabi da Turanci, wanda ake shari'ar tasa na zaune bai ji ko kalma ɗaya ba. Wai wa ke sayar da hulunan nan ne ma? Ina so in san ribar da yake ci.